Bargunan Yaya Sakina da Mai Neman Yafiya

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Sakina, kuma har yau idan aka keta yadi kusa da ni, ko da tela ne yake aikinsa a kasuwar Ɗanbatta, sai in tashi in bar wurin. Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, ba kuma zan kira sunan mutumin da zan yi magana a kansa ba, don a gari ɗaya muke kwana, kuma ta ƙofar shagonsa nake wucewa kullum. Ya san kansa. Mutanen garinmu ma sun san shi.

Yaya Sakina mai tsara adon bargo ce. Ɗinki kowa na yi, amma ita ce ke zama ta fitar da yadda za a yanka ƙyallaye, da launin da zai zauna kusa da wani, kafin a shimfiɗa auduga a tsakiya a bi da allura. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, ta mai da rumfar tsakar gida wurin aiki. Takardar buhun siminti take warewa ta kakkaɓe, ta zana da gawayi, ta bi da fensir mai launi da nake kawo mata daga sakandare. Ba ta kwaikwayon atamfar kanti, gona take kallo. Akwai adon da ta sa wa suna Kunyar Gero, layi-layi kore da ruwan ƙasa kamar gonar da aka gama yi wa huɗa. Akwai Furen Gyaɗa, akwai Sawun Zabo. Idan ta rasa irin ƙyallen da take so, sai ta sassaƙa adon a jikin sakaina, ta tsoma a rini, ta bubbuga a farin yadi.

A shekarun tsadar nan, da gidaje suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, uwar amarya ba ta iya shiga shago ta sayi bargo. Sai Yaya ta fito da dabara: kowace mace a dangin amarya ta kawo tsohon zanenta, ita kuma ta yanka ta haɗa su a bargo ɗaya. Amarya ta tare da zanen kakarta da na uwarta da na gwaggonninta. "Je ki lulluɓa da danginki," haka take ce musu. Ga ta da tsokana. Wata gwaggonmu ta taɓa kawo zane duk ya ci wuya, Yaya ta ɗaga shi sama tana leƙen rana ta ɓulolinsa, ta ce, "Gwaggo, wannan ai ko ɓera ya gani sai ya tausaya miki ya ƙara miki wani." Gwaggo ta bi ta da muciya, tsakar gida ta kaure da dariya.

Mutumin da nake magana a kai barguna yake sayarwa, irin na waje masu santsi. Ciniki ya tsaya masa. Ya zo har zaurenmu ya nemi Yaya ta ba shi takardun zanenta ya kai birni a buga masa a yadi. Ta ce a'a, cikin ladabi, don adon na matan da suka kawo zannuwansu ne. Ya tafi yana murmushi.

Daminar shekarar zazzaɓi ya kwashe yara a garin. Cikinsu har da ɗan fari na wata amarya da Yaya ta yi wa bargo, kuma a cikin bargon yaron ya cika. Ranar kasuwa, a ƙofar shagonsa, mutumin nan ya jefa maganar a gaban jama'a. Bai ce ita ce ba. Tambaya kawai ya yi: macen da ke bi gida-gida tana tara ƙyallen jikin mutane, me take yi da ragowar? Me take cusawa a cikin audugar da ba mai gani? Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin wannan tambayar. Tun muna yara ake ja mana kunne kada mu bari a yanki bakin zanenmu, don da shi ake haɗa wa mutum asiri. Ya san abin da ya taɓa, kuma ya san mutanen da yunwa da makoki suka gigita neman wanda za su ɗora wa laifi suke yi.

Da hantsi suka zo, ina tankaɗe. Mata ne a gaba, matan da suka sha fura a rumfar nan, kowace rungume da bargon ’yarta, samari a bayansu. Suka zube bargunan a ƙasa suka dinga farkewa da wuƙa da reza, suna neman laya. Auduga ta cika gidan har cikin randa. Babanmu yana ta "Ku ji tsoron Allah, jama'a," ba mai jin sa. Yaya tana tsaye jikin rumbu, ina riƙe da hannunta, ba ta yi kuka ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ku bi ta ɗinkin mana, kada ku keta zanen tsohuwa, ta rasu, ba za a samu wani ba." Ba su samu komai ba, ko tsinke. Wani ya ce ai ta riga ta kwashe. Aka tara takardun zanenta aka cinna musu wuta, wani yaro ya jefe ta da hoge a kafaɗa, suka watse.

Daga ranar ba ta ƙara taɓa almakashi ba. Idan ta je rijiya mata sai su janye gugansu, su tattare bakin zanensu. Ta daina fita, ta daina cin abinci sai an matsa. Ciwon kai ya sa ta a gaba, a asibiti aka ce jininta ne ya hau. Ba ta ga an yanke geron shekarar ba. Matan da suka zo gaisuwa a bakin ƙofa suka tsaya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga garinmu yau. A shagon mutumin nan yanzu akwai yadin bargo na inji, an buga shi ya yi kamar haɗin ƙyallaye, kuma Kunyar Gero ce sak, har da karkacewar layi na gefe da take yi da gangan don ta ce ba gonar da ke miƙe ɗoɗar. Daga yagaggun bargunan ranar nan aka tsinci samfurin. Amare suna saye suna yabawa. Na san Yaya, da ta shafa yadin ta ce koren ya yi ihu da yawa, ta yi dariya ta wuce. Ni ba ita ba ce. Duk sanda na gan shi rataye, roƙon Allah nake yi ya hana idon mutumin nan barci kamar yadda ya hana nata.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne, ya samu kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, yana bi gida-gida yana neman yafiya kafin ya tashi. Makon jiya da la'asar ya yi sallama a zaurenmu, da farar shadda da ƙamshin turare. Baba ya tsufa, ya gaji da rigima, na ji shi yana cewa, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai ya ƙwala mini kira, wai in zo mu gaisa da baƙo. Na tsaya daga bayan ƙyaure.

"’Yata," in ji mutumin, "in akwai wani abu tsakaninmu a yafe. Abin da ya wuce ai ya wuce."

Na ce, "Wane abu, Alhaji? Kira sunansa."

Ya yi ’yar dariya. "Tun ban je ba har kin naɗa ni? To, Allah ya amsa."

"A gaban kasuwa ka yi maganar," na ce. "Ba a zaure ka yi ta ba. Ka miƙe ranar Juma'a bayan an idar, ka ce Sakina ba ta taɓa yi wa kowa asiri ba, ciniki ne ya ɓata maka rai. In ka yi haka, ni ma zan duba."

Baba ya daka mini tsawa, ya ce ba haka ya rene ni ba. Mutumin ya karkaɗe rigarsa, ya ce yaran yanzu boko ya buɗe musu baki, ya kalli ƙyauren da nake bayansa wani irin kallo da har yanzu nake gani, ya fita. Na koma ɗaki na rufe ƙofa.

Malamai za su ce yafiya ta fi, kuma na sani. Amma haƙƙin ba nawa ba ne balle in yi kyauta da shi. Mai shi tana kwance a maƙabartar gabas da gari, kuma har yau akwai yaran da ake hanawa cin ’ya’yan magaryar da ke ƙofar gidanmu.

Me ya rage nata? Takardunta sun zama toka. Amma da sanyi ya shigo bara, na shiga wani gida barka, na ɗaga zanen gadon mai jego zan gyara mata, sai ga Sawun Zabo a ƙasa, an bi duk inda wuƙa ta bi an ɗinke da baƙin zare. Uwar mai jegon, wadda da idona na gan ta da reza a tsakar gidanmu, ta kau da kai. Sun san gaskiya. Suna kwana cikin ɗumin aikinta, suna ɓoye shi kamar kayan sata, kuma ba wadda ta taɓa buɗe baki ta wanke ta. Sunanta nake nema, ba wani abu ba.

Juma'a ɗaya ta rage masa kafin ya tafi. Tsoronsa nake ji, ba zan ɓoye ba, amma zan sa hijabina in tsaya a bayan katangar masallaci inda lasifika ke kaiwa. Idan ya miƙe, Alhamdulillahi. Idan bai miƙe ba, ya je ya ɗaga hannu a Arfa, ni ma ina nan na ɗaga nawa, kuma ban yafe ba.