Faifan Usman Ya Zo Babu Murya

Ya jama'a, yau na kori masoyina a banza, kuma Yaya Bashir ne ya jawo!

Usman ya aiko mini da faifan waƙa daga Jidda. Ya ce, "Hauwa, baitocin nan su ne abin da bakina ya kasa faɗa miki." Na turara ɗaki, na lumshe ido, na sa shi a na'urar Yaya. Kiɗa kawai! Ko murya ɗaya babu! Nan take na rubuta masa, "Tunda ba ka da abin faɗa, halas, shi ke nan, kada ka sake nemana."

Don haushi na kai faifan wajen mai gyaran rediyo a kasuwar Suki. Ya ce, "Ƙanwata, wannan na lasifika shida ne, kowace da nata sautin. Muryar mawaƙi daga ta tsakiya take fita. Taku tana nan?"

Na dawo a guje. "Yaya, ina lasifikar tsakiya?"

"Ƙaramar nan? Tana gona, tana korar tsuntsaye daga dawa."

"Usman ya karanta saƙona, ya yi shiru! Ka ɗauko ta yanzu!"

Ko ɗagowa bai yi ba. Wai sai bayan girbi!