Baba Illa da Zauren Fatake

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Mayu 1985, da hantsi, ina biro, wato ofis, a Tawa, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya leƙo ta taga ya ce mini Baba Illa magini ya rasu a garinmu. Kafin in samu mota in isa, an rufe shi. Tun ranar nake rubuta wannan ina gogewa, don ban tabbata ni ya kamata in yi ba. Amma na duba, waɗanda suka fi ni saninsa sun tafi Abijan ko Legas, sauran suna ƙasa.

Baba, kai ka riƙe Zauren Fatake. Ga wanda bai san garinmu ba, tsohon soro ne a bakin gulbi, inda ayarin gishiri kan sauka su jira ruwa ya janye kafin su ƙetare. Kakanka ya gina shi. Al'adar gari, kowace shekara kafin damina a yi gayya, a haƙo ƙasa a gaɓar gulbi, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta ruɓe, sannan kowa ya yaɓa da hannunsa. Shatin tafin mahaifina yana nan daga ciki, kusa da ƙofa. Kai ka nuna mini bayan rasuwarsa, kuma ba ka taɓa bin wurin da sabon yaɓe ba.

Da shekarun fari suka zo, gulbin ya koma yashi, aka bar gayyar. Ba lalaci ba ne. Mutane suka ce ruwan da ba ya sauka me zai yi wa bango, ruwan kwaɓi gara a sha, ciyawar gara a ba akuya. Ni ma haka na gani. Kai ka ce: "Attahir, rana ma tana cin gini. Tsaga shi take yi ta aje ma ruwa."

Sai ka ci gaba kai kaɗai. Ka haƙa rami bayan masallaci inda ruwan alwala ke taruwa, da shi kake kwaɓi. Bara, da ciyawa ta ƙare ƙaf, ka kwance zanar gidanka ka sassara a kwaɓi. Matarka, Inna Aminata, ta ce: "Malam, yanzu duk mai wucewa sai ya ga abin da ke tukunyata?" Ka ce: "Mi ke cikin tukunyar da za a gani?" Ta yi dariya har ta zauna. Ita ta ba ni labarin a wurin zaman makoki, ta sake dariyar, sannan ta rufe fuska.

Duk Asabar ɗin da na zo gida, a zauren nake samunka. Gidajen unguwar an toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun yi ƙaura. Sojoji sun taɓa aje dawar taimako a cikin zauren, ka ji daɗi, ka ce ya yi baƙi. Bayan nan mu biyu ne, ba ma yawan magana.

Da na gama gaisuwar ta'aziyya na je na zaga zauren. Bangon gabas, inda hadari ke bugowa, ya tsage har hannuna ya shiga. A ramin masallaci na tarar da kwaɓin da ka yi kafin ciwo ya kwantar da kai, ka rufe shi da tsofaffin tabarmi, har yanzu da danshinsa. Gajimare ya fara haɗuwa da yamma. Shekaru muna roƙon ruwa, ban taɓa zaton zan ga hadari gabana ya faɗi ba. In ya sauka sosai bangon yana haka, zauren ya tafi.

Na nemi hutu a biro. Asabar mai zuwa zan fara. Ban san ko hannuna zai iya ba, ban kuma san ko kwaɓin zai isa ba. Duk ɗan garinmu da wannan ta iske, ko guga ɗaya na ruwa ya kawo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Aminata, da ɗansu Yunusu da ke Abijan, wanda ban sani ba ko labarin ya kai gare shi. Allah ya jiƙanka, Baba Illa, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya ba ni ikon gama bangon kafin ya zo. Amin.