Ranar Da Na Yage Ledar Sikeli

Abin ya faro ne ranar wata Talata, mako biyu bayan an gama cirar gyaɗa, ina aji ɗaya na babbar sakandare. Tafin hannuna duk ya yi kanta saboda tsinkar gyaɗa, har riƙon biro ma sai da dabara. Mu arba'in da 'yan kai muka cika ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, wadda ke bakin hanyar Minjibir tsakanin gonakin dawa. Malam Sabi'u, malaminmu na kimiyya, ya raba mana gishiri ƙulle a takarda, ya ce kowacce ta auna nata ta rubuta nauyinsa. Ya kuma ja mana kunne cewa makin wannan gwaji shi zai raba gardama: wadda ta ci ta zauna a ajin kimiyya, wadda ta faɗi ta kwashi littattafanta ta koma ɗaya ajin. Tun ranar da na raka Inna awon ciki na ga wata mata cikin farin kaya tana ɗaura mata abin gwajin jini a damtse, na ƙudurta a raina cewa ni ma malamar asibiti zan zama, kuma ƙofar can ɗin ta ajin kimiyya take.

Sikeli biyu ne a ɗakin. Tsohon yana can kusurwa cikin akwatin gilashi wanda gefe ɗaya ya tsage, mai faranti biyu masu reto da allura a tsakiya. Kusa da shi akwai ɗan akwatin katako na duwatsun awo, na tagulla, kowanne zaune a raminsa kamar gurbin dara, da ɗan hantsakin da ake ɗaukarsu da shi don kada gumin hannu ya taɓa su. Sabon kuwa a zangon nan aka kawo shi cikin kwali. Shafal yake kamar littafi, da batir yake aiki, yana da wata 'yar taga inda lamba ke fitowa da kanta. Ranar da ya iso har taro aka yi, shugabar makaranta ta ɗaga shi sama muka yi tafi, ta ce duk wadda ta kuskura ta cire ledar da aka naɗe shi da ita za ta gane kurenta. Ba wadda ta ga aibun maganar, domin haka muka taso muka gani. Sabuwar rediyo da ledarta ake sauraronta, kujerun amarya da ledarsu ake zama a kai, keken Baba ma ya shekara biyu da takardar kamfani a jikinsa. A wajenmu cire wa sabon abu leda almubazzaranci ne.

Layin sabon sikelin ya kai bakin ƙofa, ana ture-ture, kowa na son ta ga lambar nan ta fito. Na duba na ga za a kaɗa ƙararrawa ban kai ba, sai na zame na nufi tsohon. Na share farantansa da gefen hijabina, na jira allurar ta daina rawa ta tsaya a tsakiya, sannan na juye gishirina a faranti ɗaya. Na sa dutsen ashirin, bai ɗaga ba. Na ƙara wani, da saura. Na kwashe su na ɗora na hamsin shi kaɗai. Allurar ta yi dama, ta yi hagu, ta dawo ta tsaya cak. Na riƙe numfashina na sake dubawa, sannan na rubuta giram hamsin, na ja layi biyu a ƙasa.

Ba a makaranta na fara sanin awo ba. A gidanmu Inna ke ajiye mudun zakka, wani ɗan ƙoƙo da ya yi baƙi don tsufa, wanda ta gada wajen kakarmu. Yana rataye a ragaya shekara guda cur, ba a ɗibar ruwa da shi, ba a ba yaro ya yi wasa da shi. Idan azumi ya zo ƙarshe sai matan unguwa su yi ta sallama suna aronsa, Inna tana nuna wa kowacce yadda ake cika shi da gero, ba dannawa, ba ragewa. Da kaka kuma in an jera dammunan gero a bakin rumbu, Baba kan bi su yana ƙirgawa, duk na goma ya janye shi gefe na zakka, ko da kuwa shi ne mafi girma a layin. Mu yara muna da tamu kasuwar a gindin tsamiyar ƙofar gida bayan mun dawo daga kiwon awaki: yashi ne geronmu, gwangwanin tumatir ne mudunmu, ganyen tafasa ne cefane. Wata rana na sami dutse na lotsa gindin gwangwanina ciki don ya riƙa cin yashi kaɗan. Inna na tankaɗe a tsakar gida, ashe tana kallona ta ƙofar zaure. Ba ta dake ni ba. Ta karɓi gwangwanin ta wurga shi bayan danga, ta ce, "Ko a wasa ba na son hannunki ya saba." Na yi kuka ranar har na ƙi cin tuwo, amma maganar ta zauna.

To, da Malam Sabi'u ya zo kaina yana duba takardu, sai ya tsaya. Duk ajin arba'in da shida suka rubuta, ni kaɗai ce da hamsin. Ya ɗauki gishirina ya ɗora a sabon sikelin, lamba ta fito, arba'in da shida. Ya ce, "Sa'ade, kin gani da idonki. Goge ki gyara." Na ce masa na ga wannan, amma na ga wancan ma. Na roƙe shi ya bar ni in ɗora dutsen hamsin a kan sabon, ya ce bismillah. Na ɗora, ya nuna arba'in da shida. Malam ya yi murmushi ya ce duwatsun nan sun girmi babana, sun cinye, shi kuwa inji ba ya ƙarya. Ni kuma na san ba su cinye ba, don ko ƙwarzane babu a jikinsu. Na sauke na hamsin, na ɗora na ashirin guda biyu da na goma ɗaya. Arba'in da shida dai. Ban san sanda bakina ya kuɓuce ba, na ce, "Malam, shawara suka yi suka rame tare?"

Aji ya kwashe da dariya, fuskar Malam ta canza. Mutum ne mai haƙuri, a kan keke yake zuwa daga nesa kullum, bai taɓa makara ba, kuma har ga Allah ina ganin girmansa. Amma na kunyata shi a gaban ɗalibansa. Ya miƙo mini abin gogewa ya ce in zaɓa, ko in rubuta abin da inji ya faɗa, ko in ɗauki sifili. Ƙawata Ladidi, wadda muke zama benci ɗaya, tana ta mintsinina tana raɗa mini, "Ke dalla goge mana, gishirin gidanku ne?" Hawaye ya cika mini ido, ni da ko kaza aka yanka sai na kau da kai. Amma hannuna ya ƙi karɓar abin gogewar nan. Na tura hannayena cikin hijabi na sunkuyar da kai. Ya zana mini sifili ƙato da jan biro, ya ƙara mini da sharar ɗakin gwaje-gwaje na mako guda.

A gida Inna ta ɗora hannu a ka, ta ce yau ga 'yar da za ta koya wa malaminta karatu. Baba yana zaune a kan buzunsa yana gyaran ƙotar fartanya, ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni ko na yi wa malamin rashin kunya, na ce na ɗan yi. Ya ce, "To wannan gobe ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Lambar kuwa ki bar ta inda take." Haka na yi. Washegari na durƙusa a ƙofar ofishin malamai na ba Malam haƙuri, ya ce ya yafe, ya tambaya ko zan gyara yanzu. Na ce a'a. Ya girgiza kai ya ce taurin kai zai kai ni ajin da ba na so, domin ranar Alhamis ta sama za a kafe sunaye.

Kwana huɗu ina shara, ina zagaya sikelin nan ina hararsa, ban gano komai ba. A gida na gano. Ranar Asabar Inna ta dama fura ta aike ni in kai wa masu yankan dawa a gona. Ta ɗaure bakin ƙwaryar da ƙyalle tamau saboda ƙuda, ta ɗora ludayi a kai. Ina tafe a kan hanya na sauke ƙwaryar in gyara gammo, sai idona ya faɗa kan ludayin. Yana zaune a kan ƙyallen abinsa, ko kusa bai taɓa furar ba. Ƙyallen ne ke ɗauke da shi. Na tsaya nan tsakiyar hanya kamar an dasa ni. Ranar Litinin ina shiga shara na danna farantin sikelin da ɗan yatsa, na ga ledar ta ɗame daga kusurwa huɗu kamar fatar kalangu. Ashe ita ke tare wani abu daga nauyin kafin ya isa cikin injin.

Na faɗa wa Malam bayan an tashi. Ya ce leda ba ta da wani ƙarfi, kuma ko tana da shi, umarnin shugaba ne, ba shi da ikon taɓawa. Na kwana ina addu'a Allah ya nuna mini abin da ya fi. Ranar Talata muka sake shiga ɗakin. Malam ya juya yana rubutu a allo, na tashi, na je gaban teburin sabon sikelin, na yi bismillah a zuci, na sa farce a gefen ledar na ja. Ƙarar yagewarta ta cika ɗakin. Ladidi ta ce, "Innalillahi, Sa'ade ta haukace!" Kafin Malam ya ƙaraso na danna maɓallin, sifili ya fito, na ɗauko dutsen hamsin da hantsaki na ɗora. Hamsin cif. Malam ya daɗe yana kallon lambar, ya sauke dutsen da kansa ya ɗora na ashirin biyu da na goma, hamsin ta sake fitowa. Sai ya ce a hankali, "A awo kin yi daidai. A ladabi kuwa, mu je ofis."

Bulala shida shugabar makaranta ta yi mini a tafin hannun nan mai kanta, ta kuma sa ni ban ruwan bishiyoyin makaranta har ƙarshen zango. Na karɓa, domin dokarta na karya, kuma na san da haka tun kafin in tashi daga bencina. Amma da ta ce in faɗa a gaban taro cewa na yi nadama, sai na ce na yi nadamar saɓa mata, ban yi nadamar yage ledar ba. Ta dube ni ta dube ni, ta ce in ɓace mata da gani. Malam ya soke gwajin gaba ɗaya, tunda yanzu amsar kowa ce ta zama kuskure ban da tawa, aka sake sabo. 'Yan ajinmu suka yi ta tsaki, Ladidi ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Da aka kafe sunaye, nawa na cikin 'yan kimiyya, nata ma haka. Malam bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban jira ya faɗa ba. Sai dai daga ranar, kafin a fara kowane awo yakan ce, "Sa'ade, ɗauko dutsenki ki tambayi injin ko ya tashi lafiya."

Ba zan zalunci sabon sikelin ba. Da aka raba shi da leda ya fi tsohon sauri nesa ba kusa ba, ƙwayar gyaɗa ɗaya ma yana faɗin nauyinta, ga shi iska ba ta kaɗa shi yadda take kaɗa farantan tsohon in an bar taga a buɗe. Abin da na riƙe shi ne, tsohon in ya karkace kowa na ganin karkatarsa, sai a gyara. Sabon kuwa da fuska ɗaya yake faɗin gaskiya da kuskure, lambar tana nan tas, ba ta rawa, ba ta jin kunya.

Allah bai ƙaddara mini farin kayan asibiti ba. Na gama sakandare, na yi aure, ga ni da 'ya'ya biyar, alhamdulillahi. Yanzu komai lamba ce. Abin gwajin zazzaɓin da ke cikin kwabata ƙara yake yi ya faɗi zafin jikin yaro, kuma ina gode wa Allah da shi. Babbar 'yata Ummi tana ajin kimiyya, ba ta taɓa tsayawa tana jiran allura ta daina rawa ba, kuma rannan na ji ta tana gaya wa ƙaninta cewa inji ba ya ƙarya. Na ajiye tsintsiya na zaunar da ita na ba ta wannan labari. Ko ranar awon jarirai, ba na kwantar da ɗana a sikeli sai na ɗaga tawul ɗin da suka shimfiɗa na ga bai maƙale a gefe ba, na kuma ga sifili da idona. Ma'aikaciyar takan harare ni, matan da ke layi su yi ƙunƙuni, ni kuwa ko a jikina. Mudun Inna yana wajena yanzu, rataye a ɗakina, masu aronsa sun ragu. Wani lokaci nakan sauko da shi in shafa, in tuna shirun nan na gaban akwatin gilashi. Har yau da za a miƙo mini abin gogewar nan, cikin hijabi zan mayar da hannuna.