An Hana Inna Ɗaukar Jariri

Ina 'yar shekara goma Inna, mahaifiyata, ta haifi autanmu, wani ciwo kuma ya same ta tun kafin a yi suna. Barci ya fara ƙaurace mata, sai surutu, sai kuka ba dalili. Wata safiya aka tsince ta a bakin kogi, inda masunta ke ɗaure jiragensu, kai ba ɗankwali, jariri a hannu, tana cewa zafi yake ji, wanka za ta yi masa. Iyakar abin da ta yi ke nan. Ko ɗan yatsansa bai taɓa ruwa ba. Amma a Hadejia ta wancan lokacin wannan ya isa.

Goggo, yayar Babanmu, ita ce mai faɗa a ji a gidan. Ta ce mutanen ruwa ne suka shiga jikin Inna, saboda ta riƙa kai wa Baba abinci fadama da tsohon ciki. Ta yanke hukunci: Inna ba za ta ƙara shayar da yaron ba, wai hauka na bin nono, ba kuma za a sake miƙa mata jariri ba, nata ko na wani. Baba manomin shinkafa ne, mutum mai sanyin hali. Bai hana ba.

Aka sa ta a turu. Gungumen kirya ne aka huda, aka zura ƙafarta, maƙeri ya buga ƙarfe, a ɗakin baya inda ake jibge buhunan shinkafa. Ni ke kai mata abinci. Nono ya cika mata, rigarta kullum a jiƙe sharkaf. Idan yaron ya yi kuka a ɗakin Goggo, sai ta ja gungumen nan har bakin ƙofa, har fatar idon sawunta ta saluɓe. Mata su kalli juna su ce, "Kun ji ko, abin ya motsa." Haba jama'a! Uwa ta ji kukan ɗanta ta yunƙura, shi ne hauka?

An kawo wani mai magani daga wajen Malam Madori. Ya turnuƙe ɗakin da hayaƙi, ya sa bulala, yana cewa ba ita yake duka ba, na jikinta yake duka. Oho dai, bayan Inna ne ya farfashe.

Kawu, ƙanenta, makiyayi ne a wajen Jahun. Da labari ya kai masa ya zo ya yi ta masifa a zaure, ya sa aka cire ƙarfen, suka kai ta wani asibiti a birni shi da Baba. Can ma ba wani sauƙi ta samu ba. Aka aske mata kai, aka ɗaure ta a gado da tsumma, allura safe da yamma. Daga baya ta gaya mini likitan bai taɓa tambayar ta komai ba, tana zaune a gabansa yake tambayar Baba yadda take ji. Ranar sallama ta yi ƙarfin hali ta ce ko za ta iya ɗaukar ɗanta. Bai dube ta ba. Sai ya kalli Baba ya ce, "Kada a bar ta ita kaɗai da yaro." Da maganar ta iso gida Goggo ta ce to, ga shi har likita ya faɗa.

Inna ta dawo bayan ruwa ya janye daga fadama, hannunta na rawa saboda magani. A hankali ta warke sarai, ciwon bai sake dawowa ba har ta koma ga Allah. Ta koma girkinta, ta kama bandar kifi, unguwa kaf a wajenta ake saye. Ana cin abincin hannunta, ana ba ta ajiya. Amma a gidan suna, jariri zai bi hannu hannu, in ya zo kanta a tsallake. Ita ma ta gane, da an fito da shi sai ta miƙe ta ce bari ta duba wuta. Autanmu ya tashi yana kiran Goggo Inna, uwar da ta haife shi kuwa yana ce mata Innar ɗakin baya. Wannan suna ya fi turun ƙona mini rai.

Da na yi aure na sami cikin fari, na dawo gida goyon ciki kamar kowace 'ya. A al'ada uwa ce ke yi wa 'yarta wankan jego, ita ke wanke jariri, ta gasa masa cibiya. Lokacin Baba ya rasu. Goggo ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Na haifi 'ya mace, da safe sai ga Goggo ta sirka ruwa a baho, ta ɗauko sabulun salo, ta miƙo hannu.

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, uwata tana da rai."

Ta ce, "Ke 'yar nan, kin manta bakin kogi?"

Na ce, "Ban manta ba. Turun ma ban manta ba."

Ta yi salati, ta tafa hannu, ta ce in wani abu ya faru babu ruwanta. Na ce na ji. Na ɗauki jaririyar na nufi Inna, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa tana tsince shinkafa. Tana ganin na doso ta, ta mayar da hannayenta baya.

Ta ce, "A'a, ke, an hana ni."

Na ce, "Wa ya hana, Inna?"

Ta ce, "Likita."

Fiye da shekara goma da maganar! Na janye farantin shinkafar, na kwantar mata da yarinyar a cinya, na juya zan koma ɗaki don kada ta ji kunyata. Ban kai ƙofa ba ta kira ni. Ta sandare a zaune, hannayen har yanzu a baya, hawaye na zuba.

Ta ce, "Dawo ki zauna kusa da ni. Cewa aka yi kada a bar ni ni kaɗai."

Na zauna. Sannan ta fito da hannayen, ta tallabi kan yarinyar, ta jawo bahon, ta taɓa ruwan ta ce Goggo ta cika zafi, a ƙara na sanyi. Ta wanke ta tsaf, ta shafe ta da mai, ta gasa cibiya. Ba abin da ta manta.

'Ya'yana duka ita ta wanke su, ita ta goye su. Goggo ta yi gunaguninta ta gaji. Amma ban taɓa iya raba Inna da maganar likitan nan ba, na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Ko a haihuwata ta ƙarshe, in na shiga wanka babu babba a tsakar gida, sai in jiyo ta tana kiran ɗana ɗan shekara uku, tana cewa, "Zo nan, maigida, zauna ka yi gadina, zan ɗauki ƙanwarka."