Sista Zazzage da Jakar 'Yata

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa asibitin yara na unguwarmu. Ta rataye mayafi a bayan ƙofa, ta wanke hannu har gwiwa, ta shimfiɗa tawul a kan sikeli don kada sanyin ƙarfe ya firgita jarirai. Sannan ta leƙo wajen benci ta ce, "Ta farko ta shigo, da jakarta." Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Mu iyaye Sista Zazzage muke ce mata, domin ba ta ba yaro magani sai uwa ta zazzage jakarta a kan tebur.

A jikin 'yata na gane amfanin wannan zazzagar.

Watanta biyar a lokacin, ba ta daɗe da gama shan maganin ciwon kunne ba, sai wajen kunzugunta ya yi ja. Yayata ta ce hoda. Maƙwabciyata ta ba ni wani man da take shafa wa ƙaiƙayi, ta ce ba ya wasa. Duk abin da aka miƙo min na shafa, wani kan wani. Kwana tara abu sai gaba yake yi. Da ta yi fitsari sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu, fatar har ta fara saɓulewa. Sai na ɗauke ta zuwa asibitin.

"Zazzage," in ji Sista.

Hoda biyu, baselin, man maƙwabciya, tsumman gogewa mai turare. Ta jera su, ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yata, raino kike yi ko kanti za ki buɗe?"

Ban iya dariya ba. Ta kwance kunzugun a hankali, ta ce in matso in gani da idona. "Kin ga ja har cikin matse-matsi, inda fata ta naɗe? Kin ga ƙananan ɗige-ɗigen nan da suka watsu a gefe? Kurjin jiƙa kaɗai ba ya shiga lungu haka. Funfuna ce ta hau kai. Ɗumi da laima take so, maganin da yarinyar ta sha kuma ya share mata hanya." Ta duba harshen yarinyar, ta ce bakin lafiya lau. Sannan ta ɗaga man maƙwabciya. "Wannan ya fi ƙarfin fatar jariri. Yana kwantar da jan kwana biyu, ciwon kuwa yana ci ta ƙasa."

"Sista, ƙazantata ce ta jawo mata?"

"Uwar da ba ta kula ba ta cika jaka haka. Yawa kawai kika yi."

Ta ba ni man kashe funfuna ƙwaya ɗaya, ta gwada min a bayan hannuna yadda zan shafa shi siriri. A wanke da ruwa zalla, a ɗan danna da tsumma ban da gurzawa, a bar wajen ya sha iska, a sauya kunzugu da zarar ya jiƙe. Ta zana min gidaje a bayan kati, kowace shafawa gida guda. "Jan zai riga cutar tafiya. Kada ki tsaya ranar da ya yi kyau. In kwana uku babu sauƙi, ki dawo."

Rana ta huɗu wajen ya yi fes. Babanta ya ce, "Ai ta warke, a bar ta ta huta mana." Na nuna masa gidajen da suka rage. Sai da na cike na ƙarshe na ajiye man, kuma kurjin bai dawo ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Wata maman 'yan biyu ta ce a jakarta Sista ta gano da cokalin shayi take auna magani maimakon murfin awo. Mai sharar asibitin ta ce ba ta taɓa jin ta kunyata uwa a gaban mutane ba, sai ta tura ƙofa tukuna.

Sista, ke ce mai duba kafin rubutu. Ke ce kika raba ni da kayan da nake cutar da 'yata da su, ba tare da kin sa na ji ni muguwar uwa ce ba. Na gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da za ku gaji teburinta, ku riƙa cewa a buɗe jaka, minti biyu ne kawai. Mu iyaye kuma mu daina ɓoye abin da muka shafa.

Jiya na kai yarinyar awo. Kafin Sista ta yi magana na zazzage: kunzugu uku, tsumma, gorar ruwa. Ta leƙa cikin jakar, ta girgiza ta, ta ce, "To, kantin ya rufe ke nan?"