Turakun da Muka Kafa a Burtali

A shekararmu ta farko a jami'a akwai wani kwas da ake ce wa semina. Tsinto ɗalibai ake yi daga sashe-sashe, a zuba su ɗaki ɗaya kamar kayan miya, a ba su magana guda su yi ta ja. Malamar ta ce matsala ba ta san sashen kowa ba, don haka dole mu koyi kallonta da idon juna.

Ni daga sashen Tarihi nake. Aka haɗa ni da wata 'yar Gumel mai karatun lauya, wadda ko gaishe ta ka yi sai ta nemi hujja, da wani dogon yaro ɗan kudu mai karatun taswira, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Muna ce musu Lauya da Mai Taswira. Aikinmu shi ne burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Aka ce mu je mu gani da ido, kowa ya kawo abin da karatunsa ya nuna masa.

Na buga ƙirji na ce burtali ta bayan gidanmu ya wuce, a ƙauyenmu na ƙasar Gagarawa, kuma ko kunamar garin ta san sunana.

Da aka ba da hutu, ni da Mai Taswira muka sauka garinmu da kaka, riɗi na tsaye a gonaki yana shan rana. Inna ta ga Mai Taswira ta ce yunwa ce ta miƙar da shi haka, ta dinga ɗura masa tuwo har ya fara kallona da idon neman ceto. Uwarsa ta kira a waya, suka yi hira da Inna, ba mai jin yaren wata, amma kowacce tana ta "amin". Da Inna ta ajiye wayar ta juyo kaina.

"Ka ga ɗan mutanen nan? Yadda ka ɗauko shi da haƙoransa, haka za ka mai da shi. In wani abu ya same shi, ka nemi wani gidan."

Washegari Lauya ta zo a kan acaɓa, ta ce mu fara zuwa wajen mai unguwa. Alhamis ce, ya tafi kasuwar Maigatari. Na ce mu fara aiki, ma gaishe shi da yamma. Na bar su a bakin burtali na shiga wajen wata tsohuwa neman tarihi.

Ashe bayan tafiyata Mai Taswira ya buɗe jakarsa. Ya saka rigar nan mai walƙiya irin ta masu aikin titi, ya zaro igiyar awo, ya fito da turaku masu jan fenti a ka, ya kama kafawa a gefen gonar Baffa, ƙanen babana. A wajensa faɗin hanya yake aunawa. A wajenmu kuwa, baƙo mai wannan riga da turaku safiyo ne, mai awon filin gwamnati, kuma in safiyo ya zo, gona ta tafi.

Tsohuwa tana cikin ba ni labarin kakan kakanta na ji ihu. Na fito a guje. Wallahi ban san garinmu na da mutane haka ba, har waɗanda na ɗauka sun rasu na gani. Manoma sun zo da ƙota da fartanya, sun ce za a faɗaɗa burtali a cinye gonaki. Makiyaya sun zo da sanduna, sun ce za a toshe shi. Mutanen da a makon suka kwana biyu ba sa gaisawa saboda ɓarnar wake, ga su kafaɗa da kafaɗa a kan mutum ɗaya.

Lauya ta haye kan suri tana ɗaga katin makaranta.

"Wannan laifi ne a doka! Duk na gane fuskokinku!"

"'Yar nan, sauko kar gara ta cinye ki," in ji wata mata, ta fizgo mayafinta suka zube tare.

Mai Taswira yana ƙasa. Sanda na sauka, ƙota na sauka, shi kuma yana ta ihu da iyakar Hausarsa: "Sannu! Na ƙoshi! Na ƙoshi!" Na so in yi dariya, sai na ga wani ya samu bakinsa da gindin sanda. Na ji ƙarar. Jini ya wanke rigar mai walƙiya, ihunsa ya tsaya.

Na yi tsalle na kwanta a kansa. Sai dai ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, in na rufe kai ƙafafu suna waje, in na rufe ƙafafu kai yana waje. Na zaɓi kai. Bayana ya zama turmi. Na gane hannun Baffa, don tun ina ƙarami na san saukarsa.

"Baffa, ni ne! Ɗanka ne!"

"Na san kai ne, ja'iri! Kai ka kawo su!" Ya ƙara min biyu masu kyau.

"'Yan makaranta ne! Aikin aji ne!"

"Ajin ubanwa ake kafa turke a gonar mutum?"

Ban san wa ya kai wa Inna labari ba. Sai ganinta na yi da taɓarya, zani a ɗaure sama. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta fara daga gefe, manomi da makiyayi duk wanda ya faɗo. Wani ƙato ya tsallake shingen da akuya ma ba ta iya tsallakewa.

"Baƙona ne! Tuwona ne a cikinsa! Wanda ya isa ya sake ɗaga hannu!"

Kowa ya sauke abin dukansa. Wani dattijon makiyayi ya tsuguna ya ɗago kan Mai Taswira, ya wanke masa baki da ruwan gorarsa yana ta ba shi haƙuri da Fulatanci. Baffa ya fara tsige turakun a hankali yana miƙa wa Lauya, kamar ba shi ba.

Inna ta ce Mai Taswira ya buɗe baki. Ya buɗe. Haƙorin gaba ya tafi rabi. Na ce ai rabi yana nan, kuma ni ma ga bayana kamar an yi huɗa. Ko kallon bayan ba ta yi ba.

Aka kai shi asibiti a Gumel aka yi masa ɗinki a leɓe. Ya dawo ya kwanta a ɗakina, a kan katifata, ana gasa masa jiki ana kawo masa farfesu. Waɗanda suka dake shi suka dinga zuwa sannu da ƙwai da nono. Ni kuwa Inna ta miƙo min jakata ta kan katanga. Sauran hutun a gidan Baffa na yi shi, ina kwana rub da ciki a zaure, da safe ya tashe ni kakkaɓar riɗi.