Tarar Baƙi a Gadar Tur'a

Ranar ɗaya ga watan azumi ce, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Waɗanda ke bakin kwalta a ƙauyenmu su ne kawuna, da limamin unguwarmu, da magidanta wajen ashirin, da ni, ina ɗauke da siniyar gidanmu, wato babban tiren abinci.

A ƙauyukan da ke kan hanyar Wad Madani zuwa Sinnar, maza ba sa buɗa baki a cikin gida. Ana shimfiɗa tabarmi a bakin kwalta, kowane gida ya fito da siniya, sannan a tsaya a tsakiyar hanya a tare motoci, a sauko da matafiya ko suna so ko ba sa so. Da haka ake yi wa watan maraba. Mu kuwa akwai ƙauye a arewa da mu, akwai wani a kudu, kowace mota takan faɗa hannunsu kafin ta iso gare mu. Shekara biyu a jere muka yi buɗa bakin farko ba baƙo ko ɗaya. Mata suka gaji da ganin asida, wato tuwon da suke tuƙawa, tana dawowa, suka aiko cewa in an sake haka bana, kowa ya ci a ɗakinsa har Sallah.

Kawuna gafir ne, shi ke buɗe ruwa da rufe shi a tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakinmu. Daga wurin aikinsa ya lura cewa wasu direbobi sun sami dabara: in rana ta sunkuya sai su sauka daga kwalta su bi hanyar ƙasa ta gefen tur'a, su tsallake ƙauyukan duka. Hanyar kuwa dole ta ratsa wata siririyar gada a bayan gidajenmu. Ya ce a kai tabarmi can.

"Mun tashi mun iske ana shimfiɗa bakin kwalta," in ji liman.

Kawu ya ce, "Malam, in ba mu samu baƙo ba, ni zan maido tabarmin ga da kaina, kuma ba ni ƙara magana a taron unguwa."

Aka kwashe aka koma gada. Saura minti goma a sha ruwa, abin da ya wuce kawai jaki ne da mai shi, shi ma ɗan unguwa. Wani daga baya ya ce a tare jakin. Kawu bai juya ba, idonsa yana arewa.

Sai muka ji ƙarar inji. Babbar bas ce, cike. Kawu ya kwance rawaninsa, ya miƙa wa liman gefe ɗaya, suka ja shi ya tsare bakin gada.

Direba ya leƙo yana magana da Larabci. "Ya Hajj, don Allah buɗe! Na tsere wa ƙauye guda don in isa da wuri."

"Ka tsere wa guda, ka faɗo hannun Hausawa. Sauko."

"Fasinjojina suna sauri."

Wata tsohuwa ta turo kai ta taga, da Hausa tsantsa: "Ƙarya shikai, ɗan nan! Ni ba ni sauri. Wancan kunun tsamiya ne? Buɗe mini ƙofa!"

Kawu ya ɗaga hannu zai rantse da sakin aure, kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke yi in baƙo ya ƙi zama. Liman ya fizgi rawanin.

"Kul! Matarka ta tuƙa asidar, kada ka sa ta ciki."

Direba ya yi dariya ya kashe mota.

Aka kai matan cikin bas ɗin gida mafi kusa, maza suka cika tabarmi har wasunmu suka zauna a ƙasa. Dabino ya zagaya, hilu-mur, abin shan azumi mai zaƙi da ɗaci, ya ƙare, aka koma kan kunu. Sau biyu ina komawa gida neman ƙari. A na biyu matar kawu ta kankare tukunya tana tambayata mutum nawa ne, na ce ban ƙirga ba, ta yi guɗa da ludayi a hannu. Direba ya ci a siniya ɗaya da kawu, ya yi sallah a sahun farko, kawu kuwa ya yi tasa ba rawani.

Cikin kwana uku labari ya kai tashar Madani, direbobi suka daina bin gefen tur'a har ƙarshen wata don gudun gadarmu.